Baba Mai Gadin Madaci

Ranar wata Laraba a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji uku, muna zaune a gindin madacin makarantarmu ta Yashe muna rera lissafin sau biyu, sai ga Babana da fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa duk taɓo. Bai ko yi sallama ba ya kama hannuna ya ce, "Tashi, Hassi. Ba ni barin ɗiyata ƙarƙashin iccen ga." 'Yan aji suka kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A makon ne labari ya zo cewa reshen wata bishiya ya faɗo wa yaro a wani ƙauye wajen Kankiya. Kafin labarin ya iso rijiyar unguwarmu yaron ya zama yara uku, kowa kuma ya koma kallon bishiya kamar maƙiyi. Mu 'yan aji uku ba mu da ɗaki. Madacin ne ajinmu, a jikinsa ake jingine allo, a inuwarsa muke carafke da 'yar gala-gala in an tashi tara. Iyaye suka ce a sare shi. Hedimasta ya sa aka rage busassun rassa, ya ɗauko teburinsa ya dasa a gindin, ya ce in zai faɗo ya fara da shi. Hankalin mutane ya kwanta, ban da na Baba.

Ya ce na bar boko ke nan. Na yi kuka har na ƙi tuwo, Inna ta yi ta ba shi baki. Daga ƙarshe ya sauko, amma da sharaɗi: duk ranar da hadari ya haɗu, shi da kansa zai zo ya tsaya. Haka kuwa aka yi. Gabas na yin baƙi sai ya bar noma, ya zo bakin filin makaranta ya ɗaga kai yana ƙirga rassa da ido. Iska na kaɗawa zai ɗaga murya, "Malam, a tashe su!" Yara suka raɗa masa Mai Gadin Madaci. Kunya ta sa in na hango shi sai in sunkuyar da kai cikin littafi, in an tashi in bi ta bayan masallaci don kada a gan mu tare.

Da kaka ta zo, maƙwabta suka cika rumbu, namu ko rabi bai kai ba, domin ciyawa ta cinye geron. Bai taɓa cewa saboda ni ba ne.

Yanzu ina koyarwa a aji mai rufin kwano a Kusada, hadari ya haɗu ya watse ba wanda ke leƙowa. Baba ya rasu ban taɓa jerawa da shi daga makaranta zuwa gida ba. Wannan kunyar ta fi waccan nauyi.