Turamena a Ƙofar Mangaza

Turmi ashirin da taɓarya talatin, su ne duk jarina a shekarar da ruwa ya ƙi kuma soja ke mulki. Daga masassaƙan Tsibiri nake saro su in kawo kasuwar Maradi. Amma wa zai sayi turmi ba hatsi? Hatsin agaji na nan cikin mangaza, babban ɗakin ajiya, soja sun kulle, sai wanda suka ga dama. Taro kuma an hana.

Wata tsohuwa mai kawo zogale daga Jiratawa, wadda kowa ke kira Inna, ta tsaya gaban rumfata ta ce, "Ɗiyata, aron turamen nan za ki ba mu."

Na ce, "Inna, me za a daka?"

"Ba kome."

Na san daka turmi wayam tsaga shi yake. Amma ajiyarsu ma ba ta ciyar da ni, na ce a kwasa.

Da safe muka jera su a ƙofar mangaza. Matan unguwar Zariya suka zo, matan ikilisiya na Tsibiri ma suka iso da goyo. Inna ta raba mu uku-uku, aka kama lugude, ana cilla taɓarya sama ana tafi. Duk wanda mace ta yi rainonsa ya san ƙarar turmin da ba tsaba ciki. Gari ya fito kallo.

Ajudan, babban sojan da ke tsaron mangaza, ya zo ya ce, "Inna, an hana taro."

"Daka muke, ɗana. Ko shi ma an hana?"

Ya leƙa turmi. "Ai ba kome ciki."

"Kai ka faɗa, mu ba mu ce ba. Makulli na aljihunka."

Ƙananan sojoji suka juya baya suna dariya. Kullum muka riƙa dawowa, ina jin turamena suna canza murya ɗaya bayan ɗaya. Daga bisani kwamandan soja ya gaji da ƙara a kunnensa. Aka buɗe mangaza, Inna ta kafe sai kowace unguwa mace ce za ta riƙe tiyar awo, aka yarda.

Turame bakwai sun tsage, na ba masu awaki suna zuba dusa. Biyu har yau ba su dawo ba, kuma na san gidajen. Sauran sha ɗaya, da hatsi ya shiga gari, ko mako ba su yi a rumfata ba.