Ranar da Na Ce Mahaifiyata 'Yar Aikinmu Ce

Assalamu alaikum. Lokacin da na tafka wannan kuskure ina da shekara goma sha huɗu, muna zaune a unguwar Sih a Madina, kuma ba abin da nake tsoro a duniya kamar dariyar ƙawaye. Mahaifina jikan alhazan Kano ne da suka zo suka zauna. Wurin aikinsa suka tura shi Japan koyon gyaran injina, ya dawo da mata, ita ce mahaifiyata. Tun a can ta musulunta, iyayenta suka daina amsa wasiƙunta. Hausa a bakin kakata ta koya, Larabci kuma wurin masu sayar da yadi a kasuwar Sultana, duka biyun harshenta bai taɓa miƙewa sosai ba. Ɗinki ne sana'arta. In ta kalmashe bakin riga da hannu, sai ki juya ki rasa inda zaren ya bi. Bayan rasuwar mahaifina, kekenta ne ya ciyar da mu.

Wata safiya na manta littafina a gida, ta biyo ni da shi har ƙofar makaranta. Ƙawayena suka kalli idanunta ta cikin niƙabi, ɗaya ta tambaye ni da Larabci ko shaggalarmu ce, wato 'yar aiki. Na ce eh. Tana tsaye a gabana, kuma ta ji. Ta miƙo mini littafin da hannu biyu, ta ɗan rusuna kamar yadda ta saba yi wa kowa, ta juya. Da na koma gida na tarar ta dafa mini abincin da na fi so. Ganin haka na ɗauka maganar ta mutu. Daga nan in za ta sayen zare Sultana sai in ƙirƙiri ciwon kai.

Shekara goma bayan haka aka sa mini rana da wani ɗan gidan mutunci, su ma asalinsu Hausawa ne kamar mu. Wata huɗu mahaifiyata, da nake kira Ummi, ta yi tana ɗinka rigar bikina, ga idonta ya fara rauni, sai na sa mata zare a allura. Saura mako biyu, uwar angon ta aiko goggona da saƙo, wai ranar biki kada mahaifiyata ta zauna a gaba, don baƙinsu manyan mutane ne, za su yi ta tambaya. Goggo ta faɗa a gaban Ummi, tana ta kame-kame. Ummi ba ta ɗaga kai daga ɗinkin ba. Ta ce ba komai, za ta zauna can baya wurin masu raba gahawa. Sannan ta dube ni ta ce, "Ai na iya, 'yata. Tun a ƙofar makaranta na koya."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Ashe duk shekarun nan tana ɗauke da abin, tana kuma tashina sallar asuba da murmushi. Na durƙusa na riƙe ƙafafunta ina kuka, ta ce in tashi kada hawaye ya ɓata yadin.

A ranar na kira angon, na ce ko mahaifiyata ta zauna kusa da ni, ko a fasa. Ya ce in yi haƙuri, zaman 'yan awanni ne, kada in ɓata wa uwarsa rai. Na ce tawa uwar fa? Washegari na kwashe zobensu da kayansu, ni da kaina na mayar musu. Goggo ta yi shekara ba ta gaishe ni ba, dangi suka ce na haukace. Ummi ta yi mini faɗa sosai, ta ce ba ta so na rasa miji saboda ita ba. Amma da yamma ta ɗauki abayarta ta ce zarenta ya ƙare, na riƙe hannunta muka ratsa Sultana daga wannan baki zuwa wancan. Duk shagon da muka shiga sai na ce wa mai shi ga mahaifiyata, ko bai tambaya ba.

Shekara shida na samu tare da ita bayan haka, a gefenta na koyi yanka da ɗinki. Allah Ya karɓi ranta a Madina, aka yi mata sallah a Harami, tana kwance a maƙabartar Baƙi'a. Har yau akwai masu cewa na yi asarar miji nagari. Su yi ta faɗa. Ban yi nadamar mayar da zoben nan ko sau ɗaya ba, nadamata ɗaya ce, kalmar da na furta ina yarinya. Ta yafe mini, amma yafiya ba ta mayar mata da shekara goman da ta yi tana haɗiye abin ita kaɗai ba. 'Yan uwana mata, musamman ku da iyayenku suka zo daga nesa, harshensu yana karkata: waɗanda kuke jin kunyar idonsu yau, nan da 'yan shekaru ko sunayensu ba za ku tuna ba. Duk wanda ya ce sai kin ɓoye uwarki kafin ya karɓe ki, ki nuna masa ƙofa tun tana raye ta gani da idonta.