Babi na Uku na Kundin Nafisa

Akwai ranar da har yau ba ta fita daga raina ba, ranar da na buɗe aikin wani mutum na ga rubutun hannuna a ciki. Ku da kuka shigo shagon nan kwanan nan ya kamata ku ji yadda abin ya faru, domin daga nan ne wasu dokokin da kuke ƙorafi a kansu suka samo asali.

A lokacin mu biyu ne kawai muke buga rubutu a shagon Alhaji, nan bakin Zongon Lomé, ni da Afi. Ni ce babba, ita kuma shekararta uku da zuwa daga Bè-Kpota. Ƙa'idar aiki ita ce, duk wanda ya kawo aiki a buɗe masa jaka da sunansa a babbar kwamfuta, kuma lambar sirrin kwamfutar mu biyu ne muka sani. Shi kansa Alhaji bai damu ya riƙe ta ba.

Nafisa ɗiyar limamin masallacin layinmu ce. Tana karatun masta a kan aika kuɗi ta waya da dokokin da hukuma ke tsara masa. Ga wanda bai sani ba, ɗalibin masta ba ya samun takardarsa sai ya rubuta kundi, wanda muke kira memuwar, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Nata binciken a kan matan kasuwa ne, me ya sa da yawansu ba sa yarda su buɗe asusun waya da katin shaidarsu, sai dai su yi amfani da na miji ko na ɗa. Ta yi hira da mata da Hausa, ta naɗi muryoyinsu. Ni na zauna da abin saurare a kunne kusan wata biyu ina rubutawa, sannan muka juya maganganun zuwa Faransanci tare. Wannan shi ne babi na uku. Na san shi kamar yadda na san hanyar gidanmu.

Ranar wata Talata da hantsi wani mutum ya sauka daga mota, ya ce sunansa Musiye Razak, ma'aikacin banki ne, a Avédji yake zaune. Ya miƙo ɗan kle ɗinsa, wato filashin da aikinsa ke ciki, ya ce a gyara masa tsarin shafuka a ɗinke kofi biyar kafin Juma'a. Shi ma masta yake yi, a fanni ɗaya da Nafisa.

Bayan ya tafi na fara aiki. Ina isa babi na uku hannuna ya tsaya. Duk inda Nafisa ta rubuta Zongo an mayar da shi kasuwar Adidogomé, an sauya sunayen matan, amma maganganun su ne. Har da ta wata mai sayar da atamfa da ta ce layin na mijinta ne amma gumin nata ne, jimlar da muka yi rabin awa muna gardamar yadda za a faɗe ta da Faransanci.

Na ɗaga kai na dubi Afi. Tana buga wata wasiƙa tana raira waƙar coci a hankali. Nan take zuciyata ta yanke hukunci. Mu biyu ne da lambar sirri, ni kuma na san ban fitar da komai ba.

Kwana biyu ina lura da ita. Idan ta fita amsa waya sai in ce da Musiye Razak take magana. Na tuna ranar da ta tsaya bayan na tafi sallar la'asar. Na tuna ta taɓa cewa tana da ɗan uwa a Avédji. Ko gaisuwar da ta yi wa Musiye Razak sai na ga kamar ta waɗanda suka san juna ce. Duk abin da ta yi sai ya zama shaida a wurina.

Ranar Alhamis na sami Alhaji na faɗa masa. Ya ce, "Rabi, kin gani da idonki?"

Na ce, "Ban gani ba, Alhaji, amma wa ya rage?"

Ya kira Afi. Ta saurara har ya gama, sannan ta juyo gare ni, ba gare shi ba. Ta ce, "Tanti Rabi, ke kika ce ni ce?" Alhaji ya ce ta zauna a gida har a gama bincike. Ta ɗauki jakarta ta fita, ko ƙofa ba ta buga ba.

Da yamma na ce bari in haɗa hujja yadda ya kamata. Na buɗe babin biyu gefe da gefe ina bi layi layi. A shafi na goma sha ɗaya na ci karo da sakin layi guda a aikin Musiye Razak wanda babu shi a namu. Magana ce a kan a ba mata damar yin rajista da shaidar shugabar ƙungiyarsu ta kasuwa idan ba su da kati. Salon na Nafisa ne, amma ban taɓa buga shi ba.

Na aika aka kira Nafisa. Doka ta hana in nuna wa wani aikin wani, don haka ban nuna mata allon ba. Na dai karanta mata jimlar farko, na ce, "Kin san wannan?"

Ta ƙarasa sauran da ka. Ta ce, "Yaya Rabi, a ina kika samo shi? A gida na ƙara wannan. Ban kawo shi nan ba."

Na ce, "Wa kika tura wa?"

Ta zauna a kan bencin baƙi. Can ta ce, "Mutum ɗaya. Malamin da ke duba aikina."

Sai a lokacin na gane girman abin. Musiye Razak zai kare nasa kafin ita. Idan haka ta faru, ita za a kira ɓarauniya, karatun shekara biyu ya tafi, kuma a Zongo ba a mantawa da irin wannan a kan ɗiyar liman.

Da safiyar Juma'a ya zo karɓar aikinsa. Alhaji ya ajiye masa kle ɗinsa a kan tebur, ya ce, "Musiye, ba za mu ɗinke wannan ba. Babi na uku an buga shi a shagon nan da sunan wani."

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, shagunan buga takardu sun yi yawa a Lomé." Ya tafi.

Abin da muka iya yi shi ne takardar shaida. Na rubuta ranar da aka buɗe jakar Nafisa, da ranar da aka buga kowace hira, da jerin muryoyin da ke hannunmu. Alhaji ya sa hannu ya buga hatimi. Nafisa ta kai wa shugaban sashensu tare da muryoyin. An sauya mata mai duba aiki, aka ɗage ranar karewarta da wata shida, ta kuma ci. Malamin farkon ya ce mataimakinsa ne ke buɗe masa saƙonni, mataimakin ya ce bai san zancen ba. Har yau ban san gaskiyar ba, kuma malamin yana nan yana koyarwa. Shi kuwa Musiye Razak ban sake ganinsa ba.

Washegarin wannan Juma'ar, ranar Asabar, na hau zem, wato ɗan acaɓa, na tafi Bè-Kpota. Na tarar da Afi tana wanki a tsakar gida. Na ba ta haƙuri a gaban mahaifiyarta. Ta ce ta yafe. Sannan ta ce, "Amma Tanti, da kin fara karanta babin kafin ki je wurin Alhaji, da awa ɗaya ta ishe ki." Ta dawo aiki ranar Litinin, ta yi wata huɗu ba ta yi min wata magana da ta wuce ta aiki ba, sannan ta ajiye aikin.

Shi ya sa yanzu kowa yake da lambarsa ta sirri, kuma duk gyaran da mai aiki ya kawo sai an rubuta ranarsa. A sana'ar nan amanar mutane muke riƙewa, kuma idan abu ya ɓace wanda ke zaune kusa da kai shi ne za ka fara kallo, domin shi kaɗai idonka ke gani. Ni na kalli Afi kwana biyu. Takardar da za ta wanke ta kuwa tana kan allon gabana tun ranar Talata.