Ma'aunin Tasa

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka ɗauke ni aiki a wata ƙaramar santa, wato cibiyar taimakon jama'a, da ke tsakanin unguwannin Zongo da Maourey, a Yamai. Na zo daga Damagaram da takardar lekol ɗaya, ta gama makarantar boko, da farar riga ta aiki, da kai mai girman da ƙofar biro, wato ofis, ba ta ɗauka. Aikinmu shi ne kula da matan da zama ya yi wa tsauri: waɗanda mazansu suka mutu, da waɗanda mazan suka tafi Kumasi aka daina jin ɗuriyarsu. Muna koya musu ɗinki da dama kunun yara, kowace Litinin kuma mu auna musu madarar gari.

Madarar ba ta isar kowa. Shi ya sa wata rana Madam, shugabarmu, ta tara mu ta ce dole a samo abin da za a riƙa gane wadda ta farfaɗo, a sallame ta, a ba wata gurbinta. Ta ce kowa ta kawo shawara.

An fara gwada tambaya. Wannan bai kai mako ba ya mutu, don ko wadda ta kwana da yunwa ka tambaya, lafiya lau za ta ce maka, ta ƙara da godiyar Allah. Abokiyar aikina, wata Bazabarma mai sanyin hali, ta ce a riƙa ɗora yara a kilo. Iyaye mata suka ƙi, suka ce ɗansu ba naman mahauta ba ne da za a rataya shi kowa na kallo. Ni kuwa na yi ta dariya a ciki, don na riga na dafa tawa dabarar.

Na miƙe na ce a duba jere. Na yi bayani da faransancin da na fi ji da shi: macenmu in ta samu sararin kwabo, tasa take saye ta jera a ɗaki, in ta shiga matsi kuma tasar ce ke fara fita kasuwa. Saboda haka ba sai an tambayi kowa ba, ba sai an taɓa ɗan kowa ba. A shiga ɗaki a dubi bango kawai. Madam ta jinjina kai ta ce wannan ilimi ne daga cikin al'umma, ta ba ni Zongo in gwada. Ranar ko abincin rana ban ci ba, yabo ya ƙosar da ni.

Maganar gaskiya dabarar ba ƙarya ba ce. Abin da ya ɓata ta tarbiyyata ce. A gidanmu ba a faɗa wa mutum ɗaki ba sanarwa, don haka duk gidan da zan je sai na aika tun jiya cewa gobe ina tafe. Kuma ba zan ɓoye ba, ina son in tarar an share tsakar gida an shimfiɗa mini tabarma.

Cikin matan da nake bi akwai wata Ba'adara, daga wajen Tawa, wadda mijinta ɗan dako ya rasu ya bar ta da yaro ɗaya. Ƙyanda ta kama yaron ta sake shi, amma ƙafafunsa sun zama kamar sillen kara. Madarar Litinin ce ke riƙe da shi. Mace ce doguwa, mai ƙarancin magana, wadda ko a layi takan tsaya can baya kamar ta zo rakiya.

Zuwana na farko na tarar da tasoshi kaɗan a ɗakinta. Zuwa na biyu sun ƙaru. Kafin damina ta wuce, bango ya cika har da babbar kwalla mai zanen jan zakara, gefenta ya ɗan lotsa. Na yi murna har cikin raina. A sauran gidajen ma haka, kowa jerenta sai hawa yake. Na ga kwalla mai jan zakara a gida na gaba, na sake ganinta a na gaba da shi, duk da lotsawar a wuri guda. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na koma na gaya wa Madam cewa matan Zongo idonsu ɗaya ne wajen zaɓen kaya, har lalatattun ma iri ɗaya suke saye. Da bakina na faɗi haka, ina gyara zaman ɗankwali.

Madam ta shirya ɗan biki a gindin bishiyar santar don sallamar waɗanda suka farfaɗo. An kawo lemon siro, an gayyato matan unguwa. Ba'adara ce ta farko da aka kira, bisa shaidata. Aka ba ta almakashi da zare, aka tafa mata, na tsaya na ce kowa ta yi koyi da ita, ga macen da ta tsaya da ƙafafunta. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Daga ranar aka cire ta daga masu madara.

Bayan 'yan makonni hanya ta bi da ni ta ƙofar gidansu da hantsi, na ce bari in leƙa in ga ɗalibata. Karo na farko ke nan da ban aika ba. A zaure na yi karo da tsohuwar gidan, wadda kowa ke kira Inna, ta ɗauko kwalla mai jan zakara a ka. Na gaishe ta na tambayi ina zuwa. Ta ce gidan da zan je gobe za ta kai, ai na aika. Ta faɗa hankalinta kwance, kamar mai cewa za ta rijiya.

Na shiga ɗakin Ba'adara. Tabarma ce, da tukunya, da ƙwarya, sai almakashin da muka ba ta rataye a ƙusa. Yaron na kwance, bai ƙara ƙiba ko kaɗan ba. Inna ta biyo ni ta yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa yaro: baƙuwar gwamnati za ta shigo, ai ba a bar mace ta ji kunya ba, kowa sai ta kawo abin da take da shi. Da suka ga ina murna in sun ƙaru, sai suka riƙa ƙarawa don su faranta mini. Ashe duk watannin nan kaya ɗaya nake bi gida gida, suna riga ni isa.

Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta. Na ce, “Yaya, me ya hana ki gaya mini? Gobe zan sa a mayar da ke.”

Ta ce, “Malama, a gaban mutane kika ce na tsaya. Kada ki zaunar da ni a gabansu.”

Na je na kwance wa Madam komai. Ta cire tabarau ta dube ni har na ji rigata ta yi mini yawa. Ta yarda a mayar da Ba'adara, amma doka ce sai mace ta zo da kanta ta shiga layi. Na aika, na je da ƙafata, na haɗa ta da Allah. Ba ta zo ba. A watan nan aka koma ga kilon Bazabarma, aka sa labule don kada kowa ya ga ɗan wani, iyaye kuma suka yarda. Ba wanda ya sake tambayata shawara, ni ma ban sake miƙa hannu ba.

Ni aka bar wa awon madara, wai ko can ba zan yi ɓarna ba. Wata Litinin na lura matan gidan su Inna kowace in na zuba mata a gwangwani, sai ta ɗebi kaɗan ta ƙulle a bakin zane. Doka ta hana raba madarar yaro da wani, ni ce ma nake karanta musu dokar. Da layi ya zo kan matar ɗan Inna, tsohuwar na tsaye a bayanta, ta sunkuyo ta ce, “Cika da kyau, 'yata. Akwai bakin da ba ya cikin layi.”

Na cika har ya yi tozo. Haka na riƙa yi duk Litinin, ina satar kallon ƙofar Madam.

Yaron ya tashi, na gan shi da idona yana bin awaki a lungu. Uwarsa ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Duk lokacin da na je takan tare ni da fara'a, ta kawo ruwa, ta tambayi mutanen Damagaram. Sai dai a ƙofa take shimfiɗa mini tabarma, ta saki labule a bayanta. Har na bar Yamai ban sake ganin cikin ɗakinta ba.