Ƙulin Farko da Wayar Haƙori

Mu biyar ne a tsakar gida ranar: ni, da ƙanwata da ta zo ganin gida daga Makoɗa, da matar ɗana, da maƙwabciyarmu mai taya ni matsar mai, sai jikata 'yar shekara goma sha shida, wadda aka yaye a ɗakina kuma ba ta ƙara barinsa ba. Uban yarinyar, ɗan nawa, yana gona wajen cirar gyaɗa. Akuyata ma tana nan ɗaure a gindin darbejiya, sai dai ita ba ta sa baki ba.

Jajiberin kasuwar Ɗanbatta ce, ranar da nake suyar ƙuli. Tun ina amarya nake wannan sana'a, kuma ba a taɓa dawo mini da ƙuli an ce bai soyu ba.

Mako uku kafin ranar, uban ya kai yarinyar asibiti a birni aka sa mata waya a haƙora. Haƙoranta na sama sun turo gaba tun tana ƙarama, har leɓe ba ya rufe su sai ta matsa. Da aka kawo mini maganar na ce ban yarda ba, yadda Allah ya yi mutum haka ya gan shi. Ɗana ya je ya tambayo malamin masallacinmu, malam ya ce gyara ne ba sauya halitta ba. Na bari aka yi, amma na buɗe ido.

Ta dawo da baki kamar shingen kaji. Kwana uku ba ta iya komai sai koko. Cikin leɓenta ya yi gyambo. Rake, da goruba, da gasasshiyar masara, da aya, duk an hana ta, kuma lokacin ne masara ta nuna. In an ci abinci sai ta zaga bayan ɗaki da ɗan buroshinta da madubi, ta daɗe kamar mai wankin biki. Ina kallon wuyanta yana ƙara tsawo. Rannan na aika maƙera aka aro mini awartaki, na rataye shi a ƙofar ɗakina inda kowa zai gani. Na ce da uban, in wata ya mutu yarinyar nan tana ramewa, da hannuna zan cire wayar. A gidan nan kowa ya san ba na maganar da iska ke ɗauka. Ita ma ta sani. Duk shiga da fita sai ta sunkuyar da kai ta ƙarƙashin awartakin nan.

Akwai abin da ni da ita kaɗai muka sani. Turamen bakina, haƙoran tauna, sun zube tun da daɗewa, na gaban ne kawai suka rage suna rufa mini asiri. Mai ƙuli kuwa da haƙori take aiki, don ido yana ruɗi. Ƙuli yakan yi ja a waje, cikinsa ɗanye. Saboda haka tun tana 'yar shekara tara, in na tsamo na farko daga kasko sai in fifita shi in miƙa mata. Ta juya baya, ta sa hannu ta kare baki, ta gartsa. Ni kuma in kasa kunne. In na ji ƙaras, a kwashe. In na ji ƙarar ta mutu, a ƙara wuta. Mutanen gida sun ɗauka gata ne irin na kaka da jika.

Wannan kare baki da take yi, har alfahari nake da shi. Ko dariya ta zo mata sai ta sa gefen mayafi. Na sha gaya wa mata a gidan suna, ku zo ku ga kunya a wajen jikata, ba irin 'ya'yanku masu wage baki kamar ƙofar rumbu ba.

To, ranar mun matse mai, mun mulmula tunkuza, kaskon farko yana kan wuta. Makonni biyun baya ban soya ba saboda gyaɗar bara ta ƙare, wannan ce suyar farko da sabuwa. Hannuna ya yi abin da ya saba. Na tsamo, na fifita, na miƙa mata.

Ta karɓa ta riƙe, ba ta juya baya ba.

Na ce, “Ke nake jira, mai yana ƙonewa.”

Ta ce, “Iya, likita ya hana.”

Maƙwabciya ta tsaya da mulmula. Matar ɗana ta dubi ƙasa kamar ta yar da allura. A gidana ba a mayar mini da abin da na miƙa.

Na ce, “Likitan ne ya goya ubanki?”

“A'a, Iya. Amma in na gartsa wayar za ta ɓalle, aikin ya koma baya.”

“Ta ɓalle mana, ta hutar da ni hawa kujera in sauko da awartaki. Me wayar nan ta ƙara miki ban da yunwa?”

Sai ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta saba ba. Ta ce, “Iya, kin taɓa ganin dariyata?”

Na buɗe baki zan ce sau dubu, sai na rasa ko ɗaya. Ni da na san kazar da ta yi ƙwai a gidan maƙwabta, na san takun kowa a zaure, na laluba shekara goma sha shida ban samo haƙoran yarinyar nan a cikin dariya ba. Mayafi nake gani, da bayan hannu.

Ta ce, “Ba kunya ba ce. Tun ina aji biyu ake ce mini zomo a makaranta. Ko malama ta yi tambaya na san amsa, ba na ɗaga hannu. Yanzu ma suna tsokanata, wai na haɗiye keke. Amma wannan tsokanar tana da ranar ƙarewa.”

Ƙanwata, wadda bakinta bai taɓa sanin lokacin shiru ba, ta ce, “Yaya, ashe shekara da shekaru kina yabon rufin tukunya, ba ki taɓa leƙa miyar ba.”

Na ce ta rufe mini baki. Ba don ta yi ƙarya ba, sai don ƙuli yana cikin mai kuma ba mai gaya mini halin da yake ciki.

Na karɓe na hannun yarinyar na miƙa wa matar ɗana. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta ɗan gutsura a hankali yadda ko ɓera ba zai ji ba.

“Yaya kika ji?”

“Ya yi, Iya.”

Na ɗauko ɗanyar tunkuza da ba ta shiga mai ba na ba ta. Ta tauna.

“Wannan fa?”

“Shi ma ya yi, Iya.”

Maƙwabciya ta ce a kawo ta gwada. Ta ci ɗaya ta ce ba ta ji sosai ba. Ta ci na biyu ta ce wannan na gefen kasko ne, a ba ta na tsakiya. Da ta miƙo hannu karo na huɗu na buge shi da muciya. Na juya kan ƙanwata, ta ja baya ta dafe kumatu.

“Wa? Ni? Haƙorin Makkan nawa zan sa a kan dutsenki? Ki bari sai na gaji da shi.” Sai ta ƙanƙance ido. “Wai ma tsaya. Ke mai sana'ar, me ya hana ki ɗanɗana abinki?”

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na dubi jikata. Ta san amsar shekara bakwai, ko uwarta ba ta gaya wa ba. Ita ta rufa mini nawa bakin, ni kuma na rataya mata awartaki a kan nata. Na ajiye muciya, na sa yatsu biyu na ja kumatuna, na wage musu baki har dasashi.

Ƙanwata ta leƙa kamar mai duba rijiya. Ta ce, “La ilaha illallahu. Yaya, ai kango ne. Ashe zaure kawai ya rage, cikin gida duk ya rushe.”

Maƙwabciya ta faɗi a kan tabarma don dariya. Matar ɗana ta ruga ɗakin girki, muna jiyo ta tana shaƙewa a can. Yarinyar kuwa dariya ta ƙwace mata, hannunta ya tashi zuwa baki yadda ya saba. Na cafke wuyan hannun na riƙe.

Na ce, “Bar shi. Na nuna nawa.”

Nan na gani. Waya tana walƙiya a rana, da 'yan ƙananan robobi shuɗaye da ban san da su ba, ashe ita ta zaɓi launin da kanta. Ga wani ɗan rami a kumatunta na hagu, irin na marigayiya uwata sak, yana nan duk shekarun nan a bayan mayafi. Na daɗe ina kallo har ta ce, “Iya, ƙuli.”

Kaskon farko dai ya wuce, ya yi baƙi, akuya ce ta ci riba. A na biyu yarinyar ta ce in matso. Ta tsamo ɗaya, ta bar shi ya sha iska, ta ɗora a bayan turmi ta danna da gindin ludayi, kunnena yana kusa.

Ta ce, “Kin ji? Saura kaɗan. In ya soyu tarwatsewa yake, ba ya lotsewa.”

Muka ƙara itace ɗaya. Ta sake dannawa, ya ce ƙaras, ya watse gida huɗu. Ashe duk shekarun nan tana koyon sana'ar ta cikin bakinta. Muka soya kasko tara ranar ban da na farkon, ko ɗaya bai ɓaci ba. Ƙanwata ta yi ta ba yarinyar labaran ƙuruciyata, rabi ƙarya, don kawai ta sake ganin wayar, ni kuma ban hana ba.

Da uban ya dawo da la'asar ya tarar da gida ana ta shewa, ya tambayi abin da ya faru. Na ce ya je ya wanke ƙafa, maganar mata ce.

Washegari bayan na idar da sallah, na ɗebi ƙuli biyar daga cikin na kasuwa na daka su lilis, na tankaɗe da rariya har ya zama kamar garin kunu. Na dafa zogale ya yi laushi, na kwaɗa da garin da ɗan sabon mai, na ajiye mata a kwano kusa da jakar makarantarta. Na tsaya a kanta har ta siɗe kwanon, na kuma jira ta gama dogon wankin bakinta ban ce ta yi sauri ba. Sannan na taka kujera na sauko da awartaki, na naɗe shi a gefen mayafi, na kai maƙera da ƙafata.

Maƙerin yana hura wuta, ya ɗago ya ce, “Iya, an cire?”

Na ce, “Karɓi kayanka. Naka haƙoran ma da za su samu waya, da sun gode.”

Na juyo gida don in ɗauki ƙuli kafin motar kasuwa ta cika.