Atamfar Zaɓe da Ta Zama Gammo

Ni tela ne a unguwar Briketeri. Duk lokacin zaɓe ni nake ɗinka wa mutanen unguwa atamfar jam'iyya, mai hoton ɗan takara da rubutun Faransanci a gefe. Shekara da shekaru ina yanka rubutun nan da almakashi, ban san me ya ce ba. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Wata safiya maiɗakina ta dawo daga ɗibar ruwa a unguwar Tsinga, don famfonmu ya daɗe da ƙafewa. Na taya ta sauke baho, gammonta ya faɗi ya warware. Ashe atamfar zaɓen da ya wuce ce. Na bi haruffan Faransancin da yatsa har suka haɗu: ruwan famfo a kowane gida. Ita kuwa tana tsaye tana murza wuya. A watan nan ne muka ga an raba wa manya sababbin motoci a talabijin.

Da zaɓe ya matso, wakilin ɗan takara ya shigo shagona da turmi ashirin.

"Maigida, ga aikinka na kullum."

Na shimfiɗa ɗaya, na karanta a gabansa. Maganar ruwan ce dai, launi kawai aka sake.

"Alhaji, kwashe kayanka," na ce. "Gammon da kuka ba mu wancan karon bai yage ba tukuna."

Aikin wata guda na mayar a ranar, kuma ban yi nadama ba.