Yadda Na Kai Sirdin Kaka Maidoki Gella

'Yan uwa da ba su samu zuwa ba sun matsa in rubuta yadda tafiyar nan ta kasance. Zan yi, amma a yi mini uzuri. Tun tsakiyar damina aka yi ta, kuma yawancinta a tsorace na yi, saboda haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Inda ban tabbata ba zan faɗa.

Ga waɗanda suka tashi a birni: al'adar gidanmu ce idan za a naɗa babban gida, sai ya hau sirdin Kaka Maidoki, kakan iyayenmu. Da yake dokinmu na ƙarshe ya mutu tun kafin a haife ni, turmi ake kwantarwa a ɗora sirdin a kai. Bana Baba Yohanna na Gella za a naɗa. Sirdin kuwa yana falon ƙanensa, Baffa Buba, a Jimeta, inda ya je aro shekara da shekaru bai dawo ba. A kan haka su biyun suka daina gaisawa, ko a Sallah ko a Kirsimeti. Da Baffa ya yarda zai mayar, aka duba wanda ya gama jami'a bai da aikin yi, aka same ni.

Jimeta

Ranar Alhamis, kafin gari ya waye, Baffa ya miƙo mini shi a naɗe cikin bargo, an ɗaure da igiya. Ban taɓa ganinsa a buɗe ba, domin a falo kullum a lulluɓe yake, an kuma hana mu kusantarsa.

"Ayuba, ni sai ranar Asabar zan zo," in ji shi, shi da yake kiran wansa Hamma. "Yadda na ba ka, haka za ka ba Hamma. Idan ya ƙwarzane, zai ce ni ne."

A tasha direba ya ce a sa shi a but. Na leƙa na ga buhunan albasa da injin markaɗe, na ce a'a, kujera zan biya masa.

"To shi ne a taga, ko kai?" ya tambaye ni. "Kada ya yi amai a hanya."

Na sa shi a taga.

Daga Song zuwa Hong

Bayan Song, ko kuwa gab da Gombi, motar ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Kaina ya bugi rufin mota, sirdin ya bugi ƙofa, na ji wani ƙwas. Wata mata da ke gefena, mai sayar da atamfa a Mubi, ta ce, "Sannu, ɗana." Na ce lafiya lau nake. Ta ce, "Ba kai ba, da abokinka nake."

A shingen da ke kusa da Hong wani soja ya nuna bargon da bakin bindiga.

"Mene ne wannan?"

"Sirdi ne, ranka ya daɗe."

"Ina dokin?"

Na fara yi masa bayanin turmi. Direba ya katse ni, ya ce, "Oga, doki ya yi gaba, shi ba ya son tsayawa a shinge." Sojan ya yi dariya ya ce mu je mu kamo shi. A Mararraba an tsaya an ci masara gasasshiya. Ni ban iya ci ba, ƙwas ɗin nan nake ta ji.

Mubi

Mun shiga Mubi bayan azahar, ana yayyafi. Na ɗauki keke napep zuwa Wuro Patuji, gidan wani abokina da muka yi makaranta tare, na rufe ƙofa na kwance igiyar.

Gaskiya wanda ya yi sirdin nan ya san aikinsa. Ƙashinsa itace ne da aka sassaƙa, aka lulluɓe shi da ɗanyar fata aka ɗinke, da ta bushe ta matse shi gam, babu ƙusa ko ɗaya. A kan wannan aka shimfiɗa jar fata da koriya, da ɗinki ƙanana kamar hanyar tururuwa. Likkafunsa faffaɗa ne, kowace ta isa a soya ƙosai a kai. Kwacciyar gaba, wato tudun da mahayi ke dafawa, an yi mata hula da tagulla mai zanen ganye da taurari.

A tsakiyar tagullar nan kuwa ga wuri ya lotsa, zai ɗauki ƙwan agwagwa.

Na zauna a ƙasa. Na san sirdin yana da wani tsohon tabo, domin tun muna yara muke jin labarinsa. 'Ya'yan Baffa sun ce saran takobi ne a wurin yaƙi, 'ya'yan Baba Yohanna sun ce farcen damisa ne. Amma takobi da farce yanka suke yi, ba lotsawa ba. Na bincika, na sami wani karce a fatar baya, na ce to ga tabon tarihi, wancan kuma aikin ramin Song ne.

Da safe na kai shi wurin wani maƙerin tagulla a bayan kasuwa, Malam Hammadu, mutum mai fara'a da yabon kansa. Na nuna masa karcen na ce ko da wasa kada ya taɓa shi. Ya sa baduku maƙwabcinsa ya farke ɗinkin gindin kwacciyar, ya zare hular, ya kifa ta a kan buhun yashi, ya yi ta bugunta daga ciki da 'yar guduma har ta taso. Sannan ya goge ta da lemon tsami da toka, ban sa shi ba.

"Duba fuskarka a ciki," ya ce. "Ko mai shi ya tashi daga kabari ba zai gane shi ba."

Na yi masa godiya sosai a kan wannan magana.

Gella

Ranar Asabar da sassafe na shiga ƙaramar bas ta Gella, sirdin a cinyata. Na tarar an share tsakar gida, an kwantar da turmi, dangi na coci da na masallaci sun cika rumfa. Baffa Buba ya riga ni isowa, yana zaune nesa da wansa, kowa na kallon wani gefe. A kan tabarma kuma ga Goggo Saratu, ƙanwar mahaifinsu, 'yar Kaka Maidoki ɗaya da ta rage, ta kusa casa'in a ƙiyasina.

Na kwance bargon. Tagulla ta ɗauki rana.

Baba Yohanna ya zagaya sirdin, ya shafa kwacciyar, ya juya ga ƙanensa.

"Buba, ina namu?"

"Ga shi nan a gabanka, Hamma."

"Namu yana da rami a nan. Wannan na kanti ne. Ka sayar da na kakanmu, ka kawo mini sabo."

Baffa ya tashi ya duba, ya rasa ramin, ya fara rantsuwa. Baba ya ce ba zai hau ba, a naɗe tabarmi kowa ya koma gidansa. Ni kuwa na nuna karcen baya, na ce ai ga tabon nan.

"Wannan kyanwar gidana ce," in ji Baffa. Sai ya ƙura mini ido. "Ayuba, me ka yi?"

Na faɗi komai, daga ramin Song har lemon tsami. Baba ya ce an koya mini ne. Baffa ya ce na shafe saran takobi. Baba ya ce damisa dai. Suka koma kan wannan, kamar ba ni a wurin.

"Wane takobi?" Goggo Saratu ce ta yi magana. "Babanmu ko kaza ba ya iya yankawa. Damisa kuwa a bakin mutane ya san ta."

Ta ce tana yarinya, mahaifiyarta ta shanya gyaɗa a nan tsakar gidan. Kaka ya dawo daga kasuwa a kan doki, ya tsaya yana surutu da maƙwabci, doki ya cinye rabin shanyar. Uwar ta fito da taɓarya, ta auna mahayin, ya kauce, kwacciya ta karɓa.

"Da yamma ya ce wa abokansa damisa ce. Bayan shekara ta zama takobi. Mu aka ce mu yi shiru." Ta miƙa hannu. "Ku ba ni taɓarya."

Mun ɗauka nuni za ta yi. Ta dogara da ita ta miƙe, ta ɗaga da hannu biyu, ta sauke a kan aikin Malam Hammadu. Ƙwas.

Ta sunkuya ta duba. "Na Inna ya fi zurfi kaɗan. To ita da fushi ta yi. Yohanna, hau, rana tana yi."

Baba ya hau. Turmin ya mirgina, ya yi baya zai faɗi, Baffa ya tare shi ta kafaɗa, ya ci gaba da riƙe shi har aka gama addu'o'i iri biyu. Na ji yana ce masa, "Hamma, ka yi nauyi." Baba ya ce, "Riƙe dai."

Komawa

Washegari na dawo Jimeta a motar Baffa. A Gombi ya saya mini tsire, ya ce idan an tashi naɗa shi kada a aike ni. Mun iso gida lafiya kafin magariba. Ina godiya ga Allah, da abokina na Wuro Patuji, da Malam Hammadu, wanda ba shi da laifi ko kaɗan.

Sirdin yanzu yana ɗakin Goggo, ta ce a nan ba mai aronsa. Akwai waɗanda suka ce sau biyu ta buga, wasu kuma sun ce wake ne dokin ya ci, ba gyaɗa ba. Ni lokacin idona a rufe yake, kunnena kuma bai gama dawowa ba. Duk wanda ya ga abin da kyau ya aiko mini in gyara, tun kafin jikokinmu su ce damisa ce.